Aikin Kai Aka Ce, Sai Ga Filasta a Cinya

Ƙawata, maigidana ya tashi fa. Yau da ƙafarsa ya taka daga gado har bakin taga, ni ina biye da shi da goyo ina ta washe baki kamar zararriya. Tsaya in ba ki tun daga tushe.

Kin dai ji maigidana yana kan keken ɗinki ciwon kai ya sare shi. Ya ce kamar an maka masa guduma a ƙeya, ya yi amai, ya zube. Da aka yi hoton kai a asibiti, likitar ta zaunar da ni ta ce wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwarsa ta kumbura kamar balan-balan, har ta fara tsiyaya. In ta fashe gaba ɗaya, sai dai haƙuri. Ta ce hanya biyu ce. Ko a buɗe ƙoƙon kai a matse bakin kumburin da ɗan ƙarfe, ko a bi ta jijiyar cinya da siririyar roba har sama, a cusa wata waya mai laushi ta cike wurin, jini ya daina shiga. Nasa, in ji ta, ta cinya ya fi dacewa.

Duk wannan bayanin, yayansa mai aski yana waje yana buga wa dangi waya, wai za a fasa kan ƙaninsa. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Na bi shi in gaya masa, ya ɗaga mini hannu, wai wannan maganar manya ce, in je in ba yarinya nono.

Ranar aikin sai ga shi da jakar askinsa. Ya faki idon nas, ya ɗaura wa mara lafiya ƙyalle a wuya, ya yi masa tal kwabo. Wai ba zai bari 'yan asibiti su yi wa ɗan uwansa askin hawa-hawa ba, shi da ya tsufa a sana'ar. Bawan Allah yana kwance ido a rufe, kai na sara, ana juya shi hagu da dama. Na yi magana, ya ce wa ya kasa da ni.

Da aka fito da shi daga tiyata, nas ta ja ni gefe ta gargaɗe ni. Ta ce ƙafar daman nan kada ta lanƙwashe, kada ya tashi zaune, sai ita ta ce. In ba haka ba inda aka huda zai buɗe, kuma jinin wurin ba ya zuba a hankali, feshi yake yi.

Tana fita Yaya ya shigo. Ya tsaya a kan ƙaninsa yana duba kai kamar mai neman kwarkwata. Gaba, ƙeya, bayan kunne, babu ɗinki babu bandeji, kai sai sheƙi yake. Ya ɗaga zanin gado, ya ga filasta a matsematsi. Nan fa ya hau salati. Wai an yi musanyen mara lafiya, aikin gwaiwa aka yi wa ƙaninsa, can wani mai gwaiwa yana kwance an fasa masa kai a banza. Kafin in buɗe baki ya riga ya kira mutum uku ya sanar. Wai duk laifina ne, yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba aka bari ta amsa wa likita.

Zagin bai dame ni ba. Keken guragun da ya jawo daga baranda shi ya tsinka mini zuciya. Wai zai ɗora shi ya kai shi ofishin shugaban asibiti a ga ɓarna da ido. Ya sa hannu a hammatarsa zai ɗaga.

Ban san lokacin da na kife a kan ƙafar ba, da goyona da komai. Na rungume gwiwar na danne. Yarinya ta tsala kuka.

Ya ce, "Ke, tashi. Ɗan uwana ne."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, kai ka aske, ƙafar ka bar mini."

Ya ce bai taɓa ganin mara kunya irina ba. Na ce ya ƙara, ina ji, amma ba zan ɗaga ba. Kukan yarinyar ne ya kawo nas da gudu, ta fatattake shi zuwa bakin ƙofa, ta duba filasta. Ko ɗigon jini babu.

Likitar ta zo ta nuna wa Yaya hoto a kwamfuta, ga kumburin a da, ga shi yanzu an toshe. Ya ƙura ido, ya tambaya wai daga cinya har kai babu kwana? Ta ce akwai, sun iya tuƙi. Sai gogan naka ya gyara tsayuwa ya ce dama shi ya yi zargin haka, kuma ai askin ma ya taimaka, iska tana ratsa kan. Wallahi nas sai da ta juya baya don ta ɓoye dariya.

Likitar ta ce za a riƙa sa wa maigidana ido, kuma zai dawo a sake hoto, amma aikin ya yi kyau. Ya gane kowa, ya ci abinci, har ya tambaye ni wa ya taɓa masa keke.

Sai dai mutum ukun nan da Yaya ya kira sun gama baza labari. Jiya wata ta zo dubiya tana yi mini jajen gwaiwa ƙasa-ƙasa, tana kallona da tausayi. Shi kuwa mai askin ya ƙi kiran kowa ya gyara. To ke ki taya ni. Ki gaya wa matan layinku da duk mai ɗinki a shagon maigidana, jijiyar kai aka gyara, ta cinya aka bi, kuma tela yana nan da ransa.