Hula Mai Taga Biyu

Ulun, Inna ce ta kawo shi da kanta, dunƙule shida, shuɗi mai duhu, ta zube su a kan teburin cin abinci. Ta ce a saƙa wa jikarta Tsigi rigar sanyi mai hula kafin ranar hoto. 'Ya'yanta bakwai za su haɗu wuri ɗaya karon farko cikin shekara tara, kuma ta riga ta yi magana da mai hoto. Da ta kai bakin ƙofa tana neman takalminta, sai ta ƙara da cewa a zurfafa hular, ta sauko sosai ta rufe kunnuwa, saboda sanyi.

Uwar Tsigi, ɗaya daga cikin 'ya'yan Inna, ba yarinya ba ce, ta san hannunka-mai-sanda idan ta gan shi. Tsigi shekararta biyar, kuma tun tana da uku take sa na'urar ji a bayan kowane kunne, wasu 'yan ƙananan abubuwa masu launin toka. Inna tana son jikarta, wannan ba wanda zai yi musu. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran na'urar da sunanta ba, sai dai ta ce "abin nan", kuma in baƙi suka zo takan zaunar da yarinyar ta gefen da labule yake.

Abin ya yi wa uwar Tsigi ciwo, amma ta haɗiye. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanya, da ta faɗa masa a waya ya ce ta bi tsohuwa a hankali, hoto ai na minti ɗaya ne. Ta ce to.

Aikinta karɓar waya ne a ofishin ruwa. Yini take da abin sauraro a kunne tana ba mutane haƙuri kan famfon da ya ƙafe, ga kibiyoyin saƙa biyu a cinyarta ƙarƙashin tebur. Tsakanin kira da kira ta gama bayan rigar, ta gama gaba biyu, ta haɗa hannuwa. Abokiyar aikinta, wadda kowa ke kira Sarkin Surutu, ta ce in dai haka ake yi, ita ma za ta kawo wankinta ofis. Sati uku cif, rigar ta fito tsaf, da maɓallai biyar na katako da hula mai zurfi kamar yadda aka yi oda.

Ranar Asabar da safe ta gwada wa Tsigi. Hannuwa sun yi daidai, maɓallai sun zauna. Tana ja mata hular kuwa, sai wata tsuwa ta tashi, siririya mai shiga ƙwaƙwalwa. Yarinyar ta runtse ido, ta fizge hular. Sai a lokacin uwar ta tuna gargaɗin likitan kunne: in aka rufe na'urar ruf da abu mai kauri, sautin da ta fitar yakan komo cikinta, ta kama kuka. Suka sake gwadawa, tsuwar ta dawo.

Tsigi ba ta yi kuka ba. Hannu ta sa ta zare na'urar dama, ta zare ta hagu, ta ajiye su a tafin uwarta, sannan ta ja hular da kanta ta tsaya gaban madubi.

"Haka Kaka take so, ko?" in ji ta, da ƙarfi fiye da kima, don ba ta jin muryarta.

Uwar ta kira sunanta daga baya, sau biyu. Yarinyar ba ta waiwayo ba, tana ta gyara hula. Nan ne ran uwar ya ɓaci, ɓacin da ba ta yi irinsa ba tun ranar da aka gaya mata sakamakon gwajin kunnen yarinyar. Shekara biyu suna zaryar asibiti, tana koya mata bambancin "sa" da "sha" harafi harafi, yau kuma ita da hannunta ta saƙa abin da zai mayar da 'yarta cikin shiru don a samu hoto mai kyau.

Ta zauna ta zare kibiya, ta kama bakin zare ta ja. Warwara ba ta da wuya, aikin kwana huɗu ya koma tulin zare mai lanƙwasa kafin shayinta ya huce. Ta sake ɗora hular daga wuya. Da ta kai daidai kunne, sai ta yi abin da Inna ta koya mata tana 'yar shekara goma, wato yadda ake buɗe kafar maɓalli: a rufe idanun saƙa a wannan layi, a sake ɗora su a layi na gaba. Sai dai maimakon ido biyu, goma sha biyu ta rufe, dama da hagu. Ta tsaya ta dubi kafofin. In ta bar bakinsu shuɗi, mai kallo zai iya cewa kuskure ne. Ta buɗe jakar ragowar zare, ta zaɓo ja, jan da ya fi kowane ja a jakar, ta bi bakin kowace kafa da shi har zagaye biyu.

Ranar hoto ɗakin mai hoto ya cika da 'yan uwa, ana ta gardamar wa ya yi ƙiba, wa ya yi furfura. Tsigi ta shigo da hularta a kai, na'urorin nan biyu suna leƙe ta tagoginsu. Inna ta gani tun daga nesa. Ta jawo 'yarta da jikarta gefe, ta kama bakin hular da yatsa biyu, ta juya shi ta duba bayan saƙar kamar yadda ta saba, ba ta sami inda za ta kushe ba. Ta tambaya a hankali ko wannan ne abin da ta ce a yi.

"Kin ce hula mai zurfi, Inna, ga ta nan. Kafar kuma ke kika koya mini."

Inna ta ce ba ta haifi mai taurin kai kamarta ba. 'Yar ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babban wansu ya yi tari, ya kama duba agogo.

Mai hoto ya jera su, manya a baya, Inna a kujera a tsakiya, jikoki a gabanta. Tsigi ta faɗo daidai gwiwar kakarta. Uwar tana layin baya, tana kallon jan zaren nan daga sama. Sai ta ga Inna ta yafito mai hoto, ta rage murya yadda ta saba yi a gaban yarinyar, ta ce ya ɗan ja Tsigi bayan wani ɗan uwanta, yadda abin nan ba zai fito ba.

Uwar ta buɗe baki, amma an riga ta.

"Kaka, ina jin ki fa," in ji Tsigi.

Mai hoto ya tsaya da hannu a miƙe, bai san inda zai kai shi ba. Inna ta dubi ƙeyar jikarta.

Tsigi ta gyara tsayuwa, ta taɓa tagar dama ta tabbatar tana nan daidai, ta ɗan karkata kai wajen kyamara. Ta tambayi mai hoto ko ja yana fitowa sosai a hotonsa.

Ya ce yana fitowa.

Ta ce to, ya ɗauka.