Ƙasar da Aka Hawo da Ita a Ka

Garin nan na kan dutse bai gaji ƙasar noma ba. Ɗauko ta aka yi. A zamanin hare-hare, tun kafin a fasa hanyar mota, kakanni suka gudo daga kwari, suka tarar da fako da tsakuwa. Sai suka jera duwatsu katanga-katanga a jikin gangare, suka riƙa hawowa da ƙasa cikin kwanduna suna cikawa. Gero suka fara shukawa. Dankali da kabeji baƙi ne, tare da hanya suka zo, su kuma suka jawo manyan motoci. Amma ƙa'idar aiki ba ta sauya ba: in ruwa ya gangaro da ƙasar wani, wanda ta faɗa gonarsa shi ke mayar da ita.

Gonar can ƙoli ta Gwaggo ce, mijinta ya rasu ya bar mata. Ran nan aka wuni ana sheƙa ruwa, katangarta ta fashe. Washegari ta tarar da dutse tsirara, ƙasarta baƙa wuluk tana kwance cikin dankalin ɗan wanta, Dogo. Ga hadari na sake haɗowa. In ya zubo, ƙasar ta wuce rafi, gona kuma ta zama tarihi.

Ta dafa sanda ta tsaya. Dogo ɗan zamanin takin buhu ne, kuma yau mota na jiran kabejinsa. Ta ƙudurta ba za ta roƙa ba.

"Gwaggo, ina kwana? Na ga saƙo, Allah ya saka," in ji Dogo daga ƙasa.

"Ja'iri! A bayana ka girma, yau ni kake wa ba'a?"

"Wallahi ƙasa ce mai kyau. Dankalina har murmushi yake."

"To, ya ci ya ƙoshi. Da wuyan kakanka aka hawo da ita."

Direba ya danna oda. Dogo ya juya ya gangara wajen motar. Gwaggo ta durƙusa tana mayar da duwatsu mazauninsu.

Can sai ta ji nishi a bayanta. Dogo ne da kwando a ka. Ashe juye kabejinsa ya yi a bakin hanya don ya sami kwanduna. Matarsa na biye, sai 'yan lodi, sai direba a ƙarshe yana ƙunƙuni.

"Ina za a zuba, Gwaggo?"

"Jira in rufe katanga, sarkin gaggawa. Ka taɓa ganin an cika tulun da ba gindi?"

Yayyafi ya soma sauka suna baje kwandon ƙarshe. Gwaggo ta damƙi ƙasar, sai ga ƙaton dankali a ciki. Ta share shi, ta ƙulle a bakin zane.

"Kai, Gwaggo! Wannan ai nawa ne."

"A ƙasata ya kwana," in ji ta.