Dutsen da Gershon Ya Jefa

Na dawo daga aiki a tashar jirgin ƙasa na tarar da mutane tsaye a ƙofar gidanmu. A shekarar nan ta 1987, bayan rikicin da aka yi a Kafanchan, ko taron sayen rake ka hango sai gabanka ya faɗi. Matata Afiniki ta tare ni a tsakar gida, hannunta duk ƙullun ƙosai.

"Baban Gershon, yaronka ya fasa wa Nuru kai da dutse."

Nuru ɗan maƙwabcinmu ne, Malam Ƙasimu tela. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi da Gershon tare suka yi rarrafe, yanzu kowannensu shekara bakwai.

Na shiga ɗaki. Gershon na zaune a ƙasa yana buga dunduniya a ƙafar gado.

Na ce, "Me ya yi maka?"

"Ba kome."

"To don me ka jefe shi?"

Ya dube ni, sai ya fashe da kuka. "Baba, ban sani ba."

Ni na sani. Bara farfaɗiya ta fara kama shi. Ran da ta kayar da shi kusa da murhu, saura kaɗan ya faɗa cikin man suya, muka ɗauke shi zuwa wani asibitin mishan mai nisa, inda ba wanda ya san mu. Aka ba mu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, fenobabiton. Faɗuwa ta tsaya cak. Amma yaron da yake yini yana ƙera jirgi da gwangwanin madara yana rera waƙoƙin coci, shi ma ya tsaya. Wanda ya rage ba ya iya zama. Yana tashi kafin zakara, yana tauna fensir, ya yi dariya yanzu, an jima ya kwanta a ƙasa yana ihu don an taɓa masa cokali.

Na koma na gaya wa likitan. Ya ce haka maganin yake yi wa wasu yara. Akwai wani iri a Jos, amma yau a samu, gobe babu. Ya ce kada mu kuskura mu tsayar da wannan haka kawai, faɗuwar za ta dawo fiye da da.

Ba wanda muka gaya wa, ko fasto. Mutanenmu, Kirista da Musulmi, sun yarda yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani cutar. Likita ya ce ƙarya ne, amma ba likita ne ke sayen ƙosan Afiniki a bakin tasha ba, kuma ba 'ya'yansa ne ke wasa da Gershon ba.

Afiniki ta shigo ta rufe ƙofa. "Ka kai shi ka zane shi a gabansu, su huce. Ka ce rashin ji ne."

"In doki yaron da bai san abin da ya yi ba?"

"To ka faɗa musu gaskiya, gobe in soya ƙosaina in ba kaji."

Na karyo tsumagiya a jikin gwaiba, na kama hannun Gershon muka fita.

Nuru na zaune a benci a ƙofar shagon ubansa, an naɗe masa kai da bandeji. Saifuddeen, ƙanen Malam Ƙasimu, shi ya fara magana.

"Ɗan shekara bakwai, ina ya koyi jifan Musulmi? A ɗaki ya ji ana faɗa."

Martins, wani saurayin cocinmu da ba wanda ya gayyace shi, ya amsa daga tsallaken kwata. "Faɗan yara ne, oga. In wani abu kake nema ka fito fili."

"Zo nan ka maimaita."

Malam Ƙasimu ya ɗago daga kan keken ɗinki. "Saifu, rufe mana baki. Kai kuma Martins, wandonka na nan ban gama ba, kada ka sa in ɗinke ƙafafun." Wasu suka yi dariya kaɗan. Ya juyo gare ni. "Mai jirgi, ga ka da bulala kamar hedimasta."

Na ɗaga tsumagiyar. Na ga samari sun ƙaru a gefe biyu na titin. Gershon bai gudu ba. Ya riƙe wandona da hannu ɗaya, ƙafarsa tana ta rawa a ƙasa, yana kallon kan Nuru. Hannuna ya ƙi saukowa.

Na ce, "Malam, mu shiga ciki."

A cikin shagon, tsakanin yadudduka, na gaya masa kome, har da murhun, har da abin da likita ya ce game da yawu. Bai katse ni ba. Bayan labulen da ya raba shagon da cikin gida na ji motsin matarsa Asibi.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Tun bara." Ya juya almakashi a hannunsa. "Kullum kwano ɗaya suke ci da Nuru."

"Ba a ɗauka, Malam. Likita ya tabbatar mini."

"Na ji ka. Allah ya ba shi lafiya. Da ka faɗa mini tun farko, Andrawus."

Ya fita ya tsaya a bakin shagon. "Jama'a, kowa ya kama gabansa. Yaron ba shi da lafiya, magani ne ke juya masa kai. Ni uban Nuru na yafe."

Saifuddeen ya ce, "Wace irin cuta?"

"Ta masu tambaya. Wuce ka ɗauko mini gawayin guga."

Taro ya watse. Da muka koma, Afiniki ta juya mini baya ta shige madafa.

Washegari da yamma Yasmin, yayar Nuru, ta yi sallama ɗauke da tuwo da miyar taushe. Da can kai tsaye take shigewa har madafa. Yau a bakin ƙofa ta durƙusa ta ajiye.

"Inna ta ce a gai da mai jiki. Wai ku riƙe kwanon, ba sai an mayar ba."

Gershon ya fito da gudu. "Yaya Yasmin, ina Nuru?"

Ta ja da baya taki ɗaya. "An kai shi Samaru wajen kaka."

"Yaushe zai dawo?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta juya ta tafi.

Gershon ya tsaya a ƙofar har aka kira magariba a masallacin unguwa. Lokacin maganinsa ke nan. Na ɗebo ruwa a moɗa na kira shi.

"Baba, in na sha Nuru zai dawo?"

Na ce, "Buɗe bakinka."