Uku Ɗin Me?

"Uku ɗin me, Sumayya? Uku ɗin me?"

Malam Habibullah ya caka biro a takardar har ta huje. Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Gumel, amma ga 'yar cikinsa, saura mako shida ta zana jarrabawar kammala makaranta, ta cije a kan tambaya ɗaya tun bayan la'asar.

Tambayar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. An ce nauyin ragon kiwo shi ne y = 18 + 3x, y kilo ne, x watanni. Me ukun take nufi?

"Giradiyen ne, Baba."

"Wannan sunansa ne. Ni ma ina da suna. Me yake gaya miki?"

Ta shiga murza gefen hijabi. Ya nuna mata ragon da ke ɗaure gindin darbejiya, wanda kawunta ya sayo mata a kasuwar Maigatari.

"Wancan, tun da ya zo gidan nan, me yake yi duk wata?"

"Ƙiba yake, in ya samu dusa da harawa."

"To!"

Ta dubi ragon, ta dubi takardar. "Wato duk wata ɗaya... yana ƙara kilo uku? Sha takwas ɗin kuma nauyinsa ne ran da aka sayo shi?"

Malam ya yi ajiyar zuciya. Kan yarinyar nan yana ja, ya daɗe da sanin haka. Ya buɗe shafi na gaba da zumuɗi, sai ta ture littafin a hankali.

"Baba, don Allah na gaji. Ai Mama ta ce ba sai na iya ba."

* * *

Matarsa Sharifa ba ta ko musa ba. Tana tankaɗe a ƙofar kicin ta shaida masa cewa tun watan jiya ta yi wa Sumayya rajista a wata cibiyar jarrabawa, can wani ƙauye wajen Gagarawa, inda ake rubuta wa yara amsa a kan allo, mai sa ido kuma ya fita shan iska.

"A gidana, Sharifa? Ni da nake korar yaro daga aji saboda leƙen takarda?"

"Malam, bara ɗalibanka nawa suka ci lissafi? Tara cikin sittin. 'Yar maƙwabciyarmu Mansura ko sau bakwai ba ta haddace ba, ga ta can a makarantar koyon jinya. Tawa ce za ta zauna tana kiwon rago?"

"Jinyar ita ma take so! Gobe za a ce mata magani kaza ga kowane kilo na nauyin jariri. Wa zai rubuta mata amsa a allo ranar?"

Sharifa ta kaɗe rariya. "In ta shiga ta koya a can."

Ya rantse ba za ta je ba. Aka kai maganar gaban Iya, mahaifiyarsa, ta saurare shi tsaf sannan ta ce, "Habibu, kowa na yi. Kada ka tauye 'yar cikinka." Ran jarrabawa yana aji, Sumayya ta hau motar cibiyar.

* * *

Sakamako ya fito da kaka. Ta samu maki mafi girma a lissafi.

Daga masallaci zuwa bakin titi sai da aka tare shi sau huɗu. "Malam, barka! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Ya riƙa amsawa da "madalla", bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Ran Litinin ya sauka daga adaidaita a ƙofar makaranta, ya tarar mai makarantar na tsaye ana ɗaura wani ƙaton kyalle. Mutumin ya san sarai inda Sumayya ta zana jarrabawa. Ga hotonta tana murmushi, a ƙasa an rubuta da jan fenti: ƊALIBAR MALAM HABIBULLAH.

An ɗaura kyallen ƙasa-ƙasa. Sai da ya sunkuya sannan ya shige.