Wa'azi ta Tagar Kurkuku

Dakta Khalilu ba matsoraci ba ne, amma duk ranar da mahaifiyarsa Hajiya Uwa ta kira shi da cikakken suna, sai ya san akwai magana. Ran nan bayan la'asar, a falonsu na unguwar Bani Harisa a Madina, hakan ta faru.

"Muhammadu Khalilu! Matarka ta ce littattafan Kiristoci kake kwana karantawa. A garin Manzon Allah?"

Tirƙashi! Shekara biyu yana roƙon jami'a ta ba shi darasin tarihin addinai, jibi zai fara. In tsohuwar nan ta ce bari, to magana ta ƙare, shi ba ya tsallake maganarta.

Ya durƙusa gefen dardumarta. "Hajiya, tarihi ne kawai. Wasu ne ana ce musu 'yan Baftis, a Amurka, tun tana hannun Ingila. Suka ce ba a yi wa jariri wankan shiga addini, sai mutum ya girma ya yarda da kansa. Hukuma ta ce ba su isa ba. Aka yi ta yi musu bulala, ana kulle masu wa'azinsu. Su kuma sai su leƙo ta tagar kurkuku su ci gaba, jama'a na tsaye a waje."

Ta ajiye kofin shayinta. "A kan wanka?"

"A kan wanka."

"Ikon Allah! Ai kakanka ma a kan hannu aka ɗaure shi."

Khalilu ya saki baki. Shekararsa arba'in da biyu, bai taɓa jin wannan ba.

"Zamanin Turawa ne, ina 'yar shekara tara. Garinmu kowa sadalu yake yi, hannu a sake. Shi ya koma kabalu, hannu a ƙirji. Dogarai suka biyo shi har masallaci. Wata uku ya yi a gidan yarin En'e, hukumar sarki, ni ke kai masa fura. Ko a ciki bai saki hannun ba." Ta yi dariya har da share ƙwalla. "Yau ga ni a Harami, ta damana kabalu, ta haguna sadalu, ba mai kallon wata. Wallahi daɗi nake ji."

"To Hajiya, darasin..."

"Je ka koyar. Amma in ka zo kan bulalar, kada ka wuce da sauri. Ka faɗa musu tana da zafi."