Miyar Mahauci

Tsohon ya kalli cokalin da ke gaban bakinsa, ya kalli ’yar da ke riƙe da shi, sannan ya juyar da fuskarsa bango. Auta ta bar hannunta a miƙe har kafaɗarta ta fara tsami. Nama ne a cikin cokalin, tsokar cinya mai kyau, wadda ta dafa ta yi lugub, ta markaɗa har ta koma kamar laka.

“Baba, nama ne fa. Daga rumfarka aka kawo shi.”

Bai juyo ba. Ta mayar da cokalin cikin kwano, ta goge masa gefen baki inda yawu ke taruwa, ta kwashi kayan ta fita.

Mahauci ne mahaifin nata, tun yana saurayi yake fawa. Ciwon ya same shi ne a rumfa, wuƙa na hannunsa, mai saye na tsaye yana jira. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma da kyar. Ruwa ƙware shi yake yi. Da za a sallame su daga asibiti, likita ta ce a riƙa ba shi abu mai laushi da kauri, ta kuma ce idan ya ci gaba da ramewa, to babu makawa sai an dawo da shi an zura masa robar abinci ta hanci. Tsohon ya ji wannan maganar. A mota, a hanyar gida, ya kamo gefen rigar Auta da hannun hagu ya ce, “Roba… a’a.” Ta ce masa to, ba za a sa ba.

Tun daga ranar abin da ya shiga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Idan an kai masa cokali baki, ya datse haƙora. Idan an ajiye masa kwano a cinya an ba shi cokalin a hannun hagu, ya sake shi ya faɗi ƙasa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hutun da Auta ta ɗauka daga makarantar da take koyarwa a wani gari ya kusa ƙarewa.

Yayanta, wanda ke tuƙa babbar mota, ba shi da haƙurin wannan zama. Da safiyar ranar ya tsaya a ƙofar ɗakin, hannu cikin aljihu.

“Ka ci da hagun mana, Baba. Ba mutuwa ake yi ba. Ni da aka haifa bahago, da ludayi ka riƙa kwaɗa mini a yatsu har na koma dama. To yau ga hagun ta zo ta yi maka rana.”

“Yaya, don Allah.”

“Me na faɗa? Ƙarya na yi?” Ya juya gare ta. “Zan je in aro mota. Da la’asar asibiti za mu. Ni ba zan zuba ido ya ƙare a kan katifa ana cewa alkawari ba.”

Bayan da naman ma ya dawo kicin ba a taɓa shi ba, Auta ta rufe kwanon ta tura shi cikin firij. Ta jingina da bango. A nan ne ta tuna ita ma rabonta da abinci tun jiya. Ta ɗauki jaka ta fita bakin titi wurin mai kayan lambu. Ta sayi karas, dankali, albasa, tafarnuwa, da ɓarin kabewa. A shagon gefe ta karɓi madara da man shanu.

Ba don shi ta saya ba. A gidan nan kayan lambu ba su taɓa yin daraja ba. Ciyawa yake ce musu. Lokacin da mahaifiyarsu ke da rai, in ta yanka kabeji a gefen abinci, sai ya ture shi da bayan cokali ya ce, “Saniya ta ci ciyawa, ni na ci saniya, an biya kowa.” Ita Auta a ɗakin kwanan ɗalibai ta koyi wannan miyar, wurin wata ƙawarta. Tun daga nan ita take dafa wa kanta a duk ranar da duniya ta yi mata zafi, ta zuba a kofi, ta zauna ta sha ba tare da ta yi wa kowa magana ba.

Kicin ɗin na mahauci ne. Wuƙaƙe jere a bango, manya da ƙanana, kowace da ƙusarta. Katakon yanka ya lotsa a tsakiya saboda sara. Ta zaɓi ƙaramar wuƙa, wadda ko ita ɗin kaifinta ya fi ƙarfin karas. Ta feraye dankalin, ta kankare karas, ta fere kabewar ta ƙwaƙule ’ya’yanta, ta yayyanka su ba tare da ta damu da su yi daidai ba, tunda duk markaɗe za su sha. Ta ɗora tukunya a wuta kaɗan, ta jefa man shanu. Da ya narke ta zuba albasa, ta bar ta tana laushi a hankali, ba ta yarda ta soyu ta yi ja ba. Tafarnuwa ta biyo baya. Sai sauran kayan, ta jujjuya su har kowane yanki ya yi ƙyalli da mai, ta zuba ruwa daidai yadda ya rufe su, ta sa murfi.

Ta zauna a kan kujerar roba tana jin tukunyar na ɓararraka ƙasa ƙasa. Tagar kicin ɗin tana kallon bayan wani gida, inda aka shanya kayan yara a igiya. Ba ta tunanin komai sosai. Ta san dai da la’asar za a ɗaga shi a sa a mota, zai kalle ta, ita kuma za ta kalli titi.

Da cokali ya ratsa dankalin ba gardama, ta sauke, ta bari ya ɗan huce, ta juye cikin injin markaɗe. Ƙarar injin ta cika gidan. Ta mayar da miyar tukunya, ta tsiyaya madara tana juyawa, launin ya sauka daga ruwan lemo ya koma mai haske, sumul, tana bin ludayi a hankali kafin ta zuba. Gishiri ɗan kaɗan. Ta cika babban kofin shayi mai kauri, irin wanda ke riƙe zafi.

Ba ta son barinsa shi kaɗai da yawa, don haka ta shiga ɗakinsa da kofin, ta zauna a kan kujerar da ke gefen gado. Ba ta ce masa bismillah ba. Ta gaji da tayi. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa. Ɗumin ya bi ƙirjinta ya sauka. Ta sake kurɓa.

Tsohon ya riga ya juyo daga bango. Yana jingine da matasai, idonsa a kan kofin. Hancinsa ya motsa.

“Me…ne?”

“Ciyawa ce, Baba,” ta ce. “Ba taka ba ce.”

Aka yi hon a waje. Ta ajiye kofin a kan ƙaramin teburin da ke jikin gadon, inda magungunansa suke, ta fita ta ja ƙofar. Ta tari Yaya a baranda, makullin mota na hannunsa.

“Kin haɗa masa kaya?”

“Ban haɗa ba.”

“To je ki haɗa.”

“Yaya, a ƙara masa ko zuwa gobe ne.”

“Goben nan tun yaushe ake faɗinta? Ke in hutunki ya ƙare jakarki za ki ɗauka ki tafi. Ni za a bari da shi, ni za a kira in ya faɗi. Kin ga wuyansa kuwa? Kamar na kaza.”

“Na yi masa alkawari.”

“Ke kika yi. Ni ban yi ba.” Ya rage murya. “Kina jin daɗi nake ji? Mutumin da ke saɓa cinyar bijimi a kafaɗa shi kaɗai, yau in ɗauke shi kamar jariri in kai a zura masa roba? Amma gara ya tsane ni yana da rai.”

Ta matsa masa ya wuce, ta bi bayansa. Ya tura ƙofar ɗakin, sai ya tsaya cak har ta yi karo da bayansa.

Kofin na kan cinyar tsohon. Da hannun hagu ya kamo wuyan hannunsa na dama, wanda ya mutu, yana jan sa kamar mai jan kaya mai nauyi. Ya ɗora shi a jikin kofin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya suka zagaye shi, ya cusa babban yatsan cikin mariƙin. Sannan ya ɗora hagun a kan daman ya danne. Ya ɗaga su gaba ɗaya. Kofin na karkarwa, miya ta zubo masa a ƙirji. Ya kai baki, ya kurɓa ta ɓangaren da ke aiki.

Auta ta ɗauke numfashi tana jiran tari. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka. Tari bai zo ba. Ya huta, ya sake ɗagawa.

Yaya ya yunƙura zai shiga ya tallafa masa, ta riƙe rigarsa ta baya. Tsohon ya ɗago ido ya gan su a ƙofa. Ya sauke kofin, ya haɗe fuska iya yadda rabin fuska za ta haɗu.

“Fita,” ya ce.

Suka fita. Suka tsaya a baranda ba mai kallon wani. Can Yaya ya wuce kicin, ta ji ya buɗe tukunya. Da ta leƙa, ta same shi tsaye yana sha da ludayi, ludayin a hannun hagu.

“Ba laifi,” ya ce. “Sai dai ba ta da nama.”

Ya mayar wa mai mota motarsa kafin magariba.

Ba a kai tsohon asibiti ranar ba. Da lokacin ganin likita ya yi, aka auna shi, ta ce bai ƙaru ba amma bai ragu ba, a ci gaba da abin da ake yi, a riƙa markaɗa wake ko ƙwai a ciki. Maganar roba ta ce a ajiye ta tukuna. Miyar ta zama ta kullum. Ba ya sha in akwai mutum a ɗakin. A ajiye kofin, a fita, a dawo a tarar da shi wayam, rigarsa ta ɓaci, yana kallon rufi kamar bai san abin da ya faru ba. Bai taɓa cewa ta yi daɗi ba. Auta ta koya wa Yaya yadda ake yi, ya ƙona albasa a karon farko, ya ce laifin tukunya ne.

Ana gobe za ta koma bakin aiki, Kawu Dogo ya zo dubiya. Abokin sana’ar mahaifinta ne, rumfarsu na jere tun kafin a haifi Yaya, shi ne kuma ke kula da rumfar tsohon yanzu. Ya shigo da sallama mai ƙarfi, bai jira an yi masa iso ba, ya faɗa ɗakin kai tsaye. Auta ta biyo shi da sauri, amma ta makara. Tsohon na tsakiyar sha, hannuwansa biyu a jikin kofi, miya a gemunsa.

“Mutumina! Ashe da sauranka. Ana ta cewa ka daina cin abinci, na ce ƙarya ne, wannan cikin bai san azumin dole ba.” Ya zauna a bakin gado, ya leƙa cikin kofin. “Me suke ba ka haka?”

Tsohon ya sauke kofin a hankali. Ya kalli Auta da ke tsaye a ƙofa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tattara bakinsa.

“Romon… ƙashi.”

“Romon ƙashi?” Kawu Dogo ya miƙa hannu. “Kawo in ji.”

Ya karɓi kofin ya shinshina. Ya kurɓa, ya jujjuya miyar a baki kamar yadda yake gwada kitse, ya haɗiye. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a cikin nama da ƙashi da ɓargo. Ya dubi launin abin, ya dubi Auta, ya dubi abokinsa da wuyan rigar da ya yi masa yawa.

“Lallai,” ya ce. “Ƙashin ya ji wuta. Na ƙafar baya ne, ko, ’yata?”

“Na ƙafar baya ne, Kawu.”

“Na sani. Ba a ɓoye mini irin wannan.” Ya mayar da kofin kan cinyar tsohon, ya tashi ya je taga ya juya musu baya, ya fara ba da labarin yadda kasuwa ta lalace tun da mutuminsa ya kwanta, da yadda yaran yanzu ba su iya riƙe wuƙa ba. Bai waiwayo ba. Yana cikin labarin, a bayansa, tsohon ya kamo hannunsa na dama ya fara lanƙwasa yatsun.