Ɓarawon Kwakwa Mai Hannu Takwas

A tsibirinmu gida na mace ne, bishiyoyin kwakwa ma nata ne. Miji da tabarmarsa kawai yake zuwa, kuma ana iya miƙo masa ita ta ƙofa.

Maƙwabcina Attakoya ya san haka sarai. Duk da haka ya riƙa tsinko ɗanyar kwakwar matarsa Muthubi yana shayar da abokan hira, har bishiyar bakin ruwa ta koma fayau.

"Baban yara, ina kwakwata?" in ji Muthubi.

"Appal ne. Kakata ta sha faɗa mana yana fitowa daga teku ya hau bishiya. Mai hannu takwas, me zai gagare shi?"

"Allah sarki. To kamo mini shi. In ba haka ba, ranar Juma'a tabarmarka tana waje."

Ya zo wurina neman shaida, tunda ni nake koyar da ilimin halittu. Na zuba masa shayi, na bayyana masa a hankali cewa appal, wannan halittar teku marar ƙashi, yana sauya launi, yana kurɗawa ta ƴar ƙaramar kafa, amma ban taɓa ganinsa a kan bishiya ba. Na ce ya je ya ba ta haƙuri. Ya yi godiya, ya je ya ɗauko sandar ƙarfe.

Ran Alhamis da ruwan teku ya janye, ya zaƙulo wani ƙaton appal da sandar daga ramin dutse. Washegari da safe ya kwantar da shi a gindin bishiyar, ya ɗora masa kwakwa a hannu, ya ƙwala kira.

Muthubi ta tsuguna, ta ɗaga kan appal ɗin da yatsa. A juye yake, ciki ya koma waje. Haka kowannenmu yake yi tun yarinta da zarar ya kama appal, don kada ya tsere. Hannu ne yake yi, ba ya jiran izini.

"Malam, zo ka ga tarbiyya!" ta kira ni ta kan shinge. "Ya yi sata, ya sauko, ya juye kansa da kansa don kada in sha wahalar gyara."

"Nadama ce ta kama shi," in ji Attakoya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ai na gani. Kai ma Allah ya ba ka irinta."

Ta soya shi da barkono, ta aiko mini kwano guda. Ina ci Attakoya ya wuce, tabarma a hammata, ya nufi gidan mahaifiyarsa yana waiwayen ƙamshi.